Kashi na biyu: Yadda masu kallo a Ƙonni ke auna finafinan mutum-mutumi da mudun kasuwa

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Birnin Ƙonni ranar Laraba ya san ba albasa da gero da atamfa kaɗai ake ciniki ba. A rumfunan masu cajin waya, inda samari ke zaune gaban kwamfuta suna tura wa jama'a finafinai a memori, akwai wani ciniki da ba ya yankewa tun hantsi har la'asar sakaliya. Ɗan kabu-kabu zai tsaya ya miƙa wayarsa, mai fura za ta aiko ƙanenta, dillalin albasar da ya taso daga Galmi zai ce a cika masa kafin motarsu ta tashi. Tambayar da ta fi yawa a bakin waɗannan rumfuna kuwa ita ce ko ci gaban fim kaza ya fito.

Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya kamata yau mu ɗan jingine zancen farashin kaya, mu duba wannan haja da ake saye da 'yan daloli, amma idan aka tara abin da take ci a shekara, na turi da na caji da na data, sai a tarar jikkuna ne. Mun fi mayar da hankali ga finafinan da 'yan boko ke kira almarar kimiyya, wato waɗanda ake nuna mutum-mutumi, ko halittun wata duniya, ko wata na'ura da ba a ƙera ba tukuna. A fadojin shayi ba wanda ke kiransu da wannan suna. Fim ɗin robot ake cewa, ko kuma a taƙaice ƙaryar Bature, ko da kuwa Ba'indiye ne ya shirya shi.

Asalin kasa fim kashi-kashi

Masu karatunmu ba baƙin kalmar kashi ba ne. Mai tumatir ta san idan ta juye kwando ɗaya ta kasa shi goma, ta fi samun riba a kan ta sayar da shi a dunƙule. Ta kuma san ranar da ta fara sa manya a sama tana ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, ranar ta fara korar masu sayenta. Wannan lissafi ne 'yan fim suka ɗauko.

Idan mai karatu bai manta ba, tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, finafinan Hausa a kaset suke zuwa mana. Hanyarsu sananniya ce: daga Ƙofar Wambai da Bata a Kano zuwa Sakkwato, daga nan zuwa Illela ta Najeriya, sai su tsallako Ƙonni. Daga Ƙonni kuma su bi titi ta Tsarnawa, wasu su yi gabas zuwa Malbaza da Galmi, wasu su yi arewa zuwa Badagishiri da tamu Illelar ta jihar Tawa. A lokacin da Sangaya da Wasila suka cika gidaje, wajajen 1999 da 2000, mai shirya fim ba kaset yake sayar wa 'yan kasuwa ba. Kwali yake bugawa mai ɗauke da hotunan 'yan wasa, ɗan kasuwa ya sayi kwalayen, ya gurza fim ɗin a kan kaset ɗinsa da kansa. Ke nan ribar mai fim tana cikin yawan kwalin da ya sayar. To, wane ne zai ɗauki fim sau ɗaya ya sayar da kwali ɗaya, alhali yana iya datse shi biyu ya sayar da kwali biyu? Daga nan aka samu na ɗaya da na biyu, aka zo na uku da na huɗu. Daidai lokacin da uwargida ta ɗaga labule ta ga abin da ba ta zata ba, sai hoto ya tsaya cik, a ce mu haɗu a kashi na biyu.

Mata da yawa da suka yi wannan zamani har yanzu suna tuna haushin sayen na biyu, a tarar rabinsa maimaicin na ɗaya ne, sauran rabin kuma waƙa. Wannan tsohon haushi shi ne ma'aunin da ake ɗora finafinan Amurka da na Indiya a kai, duk da biliyoyin da ake kashewa wajen shirya su.

Kwamando da kashinsa shida

A gidajen kallo na da, waɗanda ake biyan kuɗi a ƙofa a zauna kan benci janareto na ruri a waje, ba mai kiran Arnold Schwarzenegger da sunansa. Kwamando ne, saboda fim ɗinsa na 1985 mai wannan suna. Shi ya fito a Terminator na 1984, a matsayin mutum-mutumin da aka turo daga zamani mai zuwa don ya kashe wata mata tun kafin ta haifi ɗan da zai jagoranci 'yan Adam a yaƙinsu da na'urori.

Idan ana gardamar ci gaban fim a fada, kusan kowa ya yarda cewa Terminator na biyu, na 1991, shi ne kashi na biyun da ya cika mudu har ya yi tozo. James Cameron, wanda ya shirya duka biyun, bai maimaita abin da aka riga aka gani ba. Ya juya labarin ne: makashin jiya ya dawo mai gadi, yana kare yaron da uwarsa daga wani sabon maƙiyi mai jikin narkakken ƙarfe, wanda harsashi ke hudawa ramin ya rufe nan take. Mai kallo ya biya kuɗi ya ga sabon abu, kuma labarin ya ƙare inda ya kamata ya ƙare.

Sai dai masu kuɗin fim ba su bar shi ya huta ba. An yi na uku a 2003, na huɗu a 2009, na biyar a 2015, na shida a 2019. Abin da ya fi ɓata wa masoyansa rai shi ne na 2019 ɗin ya yi watsi da ukun da suka gabace shi kamar ba a taɓa yin su ba, ya ɗora daga na 1991, sannan a mintunan farko ya kashe yaron nan da aka yi finafinai ana karewa. Ku auna da ɗan kasuwar da ya sayar muku da kaya sau uku, a karo na huɗu ya ce ai waɗancan ba su ne na ainihi ba, ga na ainihin yanzu ya iso. Fim ɗin bai yi kasuwar da aka sa rai ba har a can Amurka, abin da ke nuna haushin ba na mutanen Ƙonni kaɗai ba ne.

Inda mata suka shigo

Finafinan Kwamando na samari ne. Mata sun shigo harkar ta ƙofar Indiya, wadda dama a buɗe take a ƙasar Hausa tun zamanin silima. Tsofaffin masu kallo za su tuna Mr. India na 1987, inda Anil Kapoor ya gaji wani abin hannu da ke sa mutum ya ɓace, ba a ganinsa sai a cikin jan haske. Bahaushe bai sha wahalar gane wannan ba, domin ya daɗe da sanin zancen layar zana. Abin da ya riƙe zukata shi ne marayun da jarumin ke riƙo, da kuma mugun nan Mogambo, wanda Amrish Puri ya fito a matsayinsa. An daɗe ana raɗe-raɗin za a yi masa na biyu, ba a yi ba. Amrish Puri ya mutu a 2005, Sridevi ta bi shi a 2018. Akwai masu ganin rashin na biyun ne ma ya sa fim ɗin bai zube a idon jama'a ba, kuma mu ma muna da wannan ra'ayi.

Amma wanda ya fi shiga ɗakunan mata shi ne Koi Mil Gaya na 2003. Rekha ce uwa, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa mai raunin ƙwaƙwalwa, Rohit, wato Hrithik Roshan, wanda ya girma amma yana aji ɗaya da ƙananan yara, ana yi masa dariya. Sai wata 'yar ƙaramar halitta shuɗiya daga sama, Jadoo, ta maƙale a garinsu, Rohit ya ɓoye ta, ita kuma ta buɗe masa basira. Duk macen da ta taɓa goyon yaro mara lafiya zuwa asibitin Galmi ta san abin da ke zuciyar wannan uwa, ba sai an fassara mata ba. Jirgin sama jannatin da ke cikin fim ɗin ƙari ne kawai.

Jadoo da hasken rana yake samun ƙarfi, idan ya kwana biyu a duhu sai ya yi laushi. A 2003 wannan abin dariya ne a wurinmu. A watan Nuwamban 2018 aka ƙaddamar da tashar wutar rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7, irinta ta farko a Nijar, yau kuma rumfar caji nawa ce ba ta da faifan sola a kan rufinta?

Rakesh Roshan, mahaifin Hrithik kuma mai shirya fim ɗin, ya kawo ci gabansa a 2006 da sunan Krrish. Yanzu ɗan Rohit ne jarumi, ya gaji baiwar, ya tafi Singafo, ya rufe fuska da baƙin ƙyalle yana tsalle daga bene zuwa bene. Nan ra'ayi ya rabu, kuma har gobe a rabe yake. Samari na cewa Krrish ya fi, domin ya fi faɗa da gudu. Iyaye mata na cewa an cire gishirin, an bar musu mai tashi sama. Da aka zo 2013 sai ga Krrish 3, jama'a suka shiga neman Krrish 2 a rumfuna. Babu shi. Masu fim ɗin sun lissafa Koi Mil Gaya a matsayin na ɗaya, Krrish na biyu. Muna jan hankalin masu saye a nan: duk wanda ya ce zai tura muku Krrish 2, ko dai Krrish ɗin 2006 ne da kuka riga kuka gani, ko wani fim ne daban aka liƙa wa suna.

Ranar da wayoyi suka tashi sama

Ga 'yan kasuwa, ba fim ɗin da ya jawo surutu kamar 2.0 na 2018, ci gaban Enthiran na 2010, wanda aka fi sani da Robot. A na farkon, Rajinikanth ya fito a matsayin masanin da ya ƙera mutum-mutumi mai kama da shi sak, mai suna Chitti. Da aka sa wa Chitti zuciya irin ta mutane sai ya kamu da son budurwar maigidansa, Aishwarya Rai, daga nan rigima ta ɓarke. Labarin yaron gida da ya ci amanar ubangidansa ne, wanda kowane mai shago ya san irinsa, sai dai wannan yaron na ƙarfe ne.

A na biyun, mai shiryawa Shankar ya taɓo aljihun kowa. Wata rana wayoyin birni guda suka fizge daga hannun masu su suka tashi sama, shagunan waya suka wayi gari wayam. Ashe kurwar wani masanin tsuntsaye ce, Akshay Kumar, wanda ya kashe kansa don baƙin cikin cewa ƙarafunan rezo, waɗanda 'yan Najeriya ke kira ƙarfen sabis, suna hallaka tsuntsaye. Cikin waɗanda ya fara hallakawa har da wani babban dilan wayoyi. Kafin fitowar fim ɗin sai da ƙungiyar kamfanonin waya ta Indiya ta kai ƙara hukumar tace finafinai, tana cewa zai tsorata jama'a da abin da kimiyya ba ta tabbatar ba. Kuma gaskiyarsu ce ta wannan fuska, binciken masana bai nuna ƙarfen rezo na zubar da tsuntsaye kamar yadda aka nuna ba. Da yana yi, da manoman da ke kwana korar jan-baki a gonakin gero da dawa sun nemi a kafa musu ɗaya a kowace kunya.

Abin da ya tsaya wa 'yan kasuwa a rai ba tsuntsayen ba ne. Tunanin wayar gari babu waya ne. Mai albasa a Galmi da waya yake jin farashin Abijan da Akara kafin ya ɗaure buhu. Mai canji a bakin iyaka da waya yake sanin yadda naira ta kwana. Shi ya sa ko waɗanda ke ganin 2.0 bai kai Robot daɗin labari ba, kuma suna da yawa, sun yarda ya kawo sabon abu, bai tsaya lasar tsohuwar tukunya ba.

Ƙarya ce ko hangen nesa?

Dattawa da dama ba sa ɓoye ƙyamarsu. A ganinsu ɓata lokaci ne mutum da gemunsa ya zauna yana kallon ƙarfe na soyayya, wasu kuma na tsoron kada yara su ɗauka ɗan Adam na iya busa rai ga abin da ya ƙera. Wannan damuwa ce da ya kamata iyaye su zauna da 'ya'yansu a kanta, ba a bar wa mai rumfar turi ba.

Samari kuma na da tasu hujja, kuma ba ta da rauni. A finafinan da, ganin fuskar mutum a akwati yana magana daga wata ƙasa siddabaru ne. Yau matar ɗan ci-rani a ƙauyen Illela tana nuna wa mijinta da ke Abijan ko Libiya jaririn da aka haifa bayan tafiyarsa. Jirgin da ke tashi ba matuƙi yana leƙen mutane, a Terminator muka fara ganin irinsa. Daga 2019 irin waɗannan jirage na Amurka sun riƙa tashi daga sansaninsu na Agadas, har zuwa 2024 da sojojin suka tattara suka fice.

Kuma ba daidai ba ne a ce wannan irin ƙirƙira baƙuwa ce a wurinmu. A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da littafinsa na Hausa, Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka yawon sararin samaniya. A nan jiharmu kuma, garin Tawa ya daɗe yana riƙe da Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015. Tun 1966 ya yi fim ɗin zane, Bon Voyage Sim, inda kwaɗi ke da shugaban ƙasa da fareti. A shekarar ce kuma ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu suna kwaikwayon abin da suka gani a silima. Damuwar da dattawa ke yi yau, ɗan ƙasarmu ya riga ya yi mata fim shekara kusan 60 da suka wuce. Yara nawa ne a Ƙonni suka san Chitti, nawa ne suka taɓa jin sunan Alassane?

Fassara da zango

Abin da ya ƙara kusanto da waɗannan finafinai ga mai tuyar ƙosai da mai awo shi ne fassara. Tun da kamfanoni irin su Algaita a Kano suka fara ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, mutum-mutumi ya koma yana magana da Kananci, har da habaici da baƙar magana. Wasu don wannan kaɗai suke saye. Amma fassarar ta zo da nata ƙorafin. A kan samu na ɗaya wani kamfani ya fassara, na biyu wani daban, murya ta canza, wani lokaci har sunan fim ɗin da na jarumin. Inda masanin cikin fim ke bayanin yadda na'ura ke aiki, mai fassara kan cike gurbin da barkwanci, sai mai kallo ya sha dariya amma ya kasa gane dalilin abin da ya biyo baya. Iyaye kuma na kukan kalmomin da ba su dace da kunnen yara ba. Su ma 'yan fim na Kano sun sha kokawa cewa fassarar ta janye musu masu saye.

Amsar da Kano ta bayar ita ce finafinai masu dogon zango. Daɗin Kowa ya fara a tashar Arewa24 a 2015, Kwana Casa'in a 2019, Labarina da Izzar So a 2020. Kwali ya mutu, amma lissafinsa na nan da rai: a YouTube yawan kallo ne ke kawo kuɗin talla, don haka kowane mako dole a datse labari inda zai hana mutum barci. Izzar So ya haura kashi 100. A Labarina na Aminu Saira, da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ce ta ci gaba da fitowa a matsayin Sumayya, kuma an yi watanni ana muhawara a kan haka a gidajen biki da wuraren kitso, wasu na cewa sunan ɗaya ne amma kayan an sauya. Gardamar da ake yi kan Kwamando ce ta dawo gida.

Shekarar 2023 ta nuna ko nawa wannan sha'awa ke ci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka rufe iyaka tsakanin Ƙonni da Illela, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Manyan motoci sun yi layi, kaya sun yi tsada, kuran ya zama sai an gani. Amma fim bai tsaya a shingen duwan ba, domin a cikin waya yake tsallakowa. Wanda cinikinsa ya ja baya sai ya fara lissafin abin da bai saba lissafawa ba: caji nawa, data nawa, kuma wannan zangon da ake ta ja, yaushe zai ƙare?

Daga wannan lissafi ne wata ɗabi'a ta ƙara ƙarfi, wadda muka lura da ita musamman a wurin mata. Kafin a miƙa waya sai an tambaya ko fim ɗin ya ƙare ko mai ci gaba ne. Idan mai ci gaba ne kuma sauran bai fito ba, da yawa kan ce a bar shi tukuna. Baahubali ya koya wa mutane wannan darasi: an rufe na 2015 a kan amintaccen bawa Kattappa yana soke ubangidansa ta baya, aka bar duniya da tambayar dalili har zuwa watan Afrilun 2017. Shi dai ya biya bashinsa da kyau. Avatar na James Cameron ya fito a 2009, na biyunsa sai 2022, shekara 13 ke nan. Kalki 2898 AD na 2024, wanda ya haɗa Prabhas da Amitabh Bachchan, shi ma a tsakiyar faɗa aka ajiye shi da alƙawarin ci gaba.

A 2025 kuma aka sanar cewa za a yi Krrish 4, kuma Hrithik Roshan da kansa zai ba da umarni a madadin mahaifinsa. Yaron da ya kalli Jadoo a kan benci a gidan kallo a 2003, yau mai yiwuwa shi ne ke zaune gaban kwamfuta a kasuwar Laraba, kuma shi za a riƙa tsarewa da tambaya har ranar da fim ɗin zai iso.